Amfilin Baba Majo

Satin da ya wuce salulata ta yi rabin mutuwa. In an kira ni ina jin mai magana sarai, shi kuwa ba ya jina, sai ya yi ta alo alo har ya gaji ya kashe. Na yafa mayafi na kai ta bakin kasuwa, wurin masu gyaran da suka jera rumfunan kwano. Wanda na miƙa mawa magidanci ne da gemunshi. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya miƙo mani abata ya ce, "Hajiya, wagga ta gama aikinta, sai dai sabuwa." Na ce, "Ka buɗe ta?" Ya ce ba a wahalar da kai kan irin waɗannan. Na ce, "Kunnenta lafiya lau, bakinta ne ya toshe. Duba ɗan ramin da murya ke shiga, in ba nan ba ne ka bi abin da ke bayanshi." Sai ya tuntsire da dariya, ya waiwayi na kusa da shi ya ce, "Kai, zo ka ji Hajiya injiniya." Ban san sanda na iso gida ba. Tuwon da aka ajiye mani har ya sandare ban taɓa shi ba. Na samu allura da ɗan ƙyalle na ciro dattin da ya cushe ramin, salula ta ci gaba da aikinta, amma zuciyata ta ƙi sauka. Na san dariyar nan. An taɓa yi mani irinta ina budurwa, kuma ita ta rufe rumfar ubana.

Mutanen yanzu ba su san gyara ba, jefarwa suka sani. Abu ya yi tari sau ɗaya, an ce ya mutu, an tura shi bola, an sayo wani wanda shi ma ba zai ga damina biyu ba. A lokacinmu ba a yanke wa abu hukunci sai an buɗe cikinshi an saurare shi. Babana ya yi ƙuruciyarshi a gidan waya, a ɗakin da ake aika saƙo ta iska, da ya bar aiki ya dawo gida Tasawa sai ya kafa rumfar zana a ƙofar gidanmu yana gyaran rediyo. Daga Hawandawaki, daga Maijirgi, daga ƙauyukan da ko sunansu ban ƙara ji ba, mutum zai ɗauro rediyonshi cikin tsumma kamar jinjiri, ya aza bisa jaki, ya zo ya durƙusa ya kwance shi gaban Baba. Har yau in na rufe ido ina jin rumfar nan: shuuu ɗin rediyon da bai kama tasha ba, ƙaf-ƙaf ɗin da yake yi in hadari ya taso daga gabas, ɗan cuuu da dalma ke yi in ƙarfe mai zafi ya taɓa ta, sannan daga cikin gida lugudan taɓarya na amsawa. Aikina na fari shi ne fifita gawayin da ake gasa ƙarfen dalma, don wutar kuran, wato lantarki, ba ta iso unguwarmu ba tukuna. In na gama sai in ja maganaɗisun tsohuwar lasifika cikin yashi, in tsinto ƙananan kusoshin da suka faɗi. Baba ba ya yarda a share rumfa sai an yi wannan.

Gyaran rediyon mutane shi ne abincinmu, amma abin da Baba yake so da ranshi daban ne. Yana da rediyon magana, irin wanda kake faɗi a ji ka, a mayar maka da amsa. Takardar izininshi na cikin gilashi rataye jikin dirka, dogon ƙarfen anten kuma na tsaye bayan rumbu, ya fi iccen dogon yaron gidanmu tsawo. Kullum in an sallame la'asar sai ya jona batirin mota, ya gyara zama, ya riƙe mikoro kusa da baki ya ce, "Attantane, Attantane, Tasawa ke kira." Can sai murya ta fito daga cikin shuuu ɗin: "Tasawa, ina jin ka, Malam, ya gwiwar?" Wannan Baba Majo ke nan, tsohon ma'aikacin asibiti da ya koma garinsu ya zauna, aminin Baba tun suna samari. Na ukunsu wani darektan lakwal ne, wato shugaban makaranta, a Maijirgi. Ba wata magana mai nauyi suke yi ba. An yi ruwa wajenku? Gero ya fara ciki? Wane ya rasu, Allah ya ji ƙanshi. Innarmu kan ce tsofaffi uku sun samu abin wasa. Amma ita ma in lokacin ya yi takan rage ƙarar daka don ta ji ko an yi ruwa a Attantane. Yanzu kowa na da salula a aljihu, jikokina na zaune ɗaki ɗaya kowa ya duƙufa kan tashi, a wuni ba wanda ya tambayi ɗan'uwanshi ya gwiwa.

Rediyon shi kaɗai muryarshi ba ta nisa. Sai an haɗa shi da amfili, wani akwatin ƙarfe mai nauyi da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta bi waya ta hau anten. Shi ne zuciyar abin, shi ne kuma mai saurin fushi, don ƙarfin da yake turawa in bai samu hanyar fita ba dawowa yake ya ƙone shi. Duk ƙasar nan tamu ba mai taɓa amfili sai Baba.

Sai yanar ido ta fara rufe mashi gani. A hankali ta zo, har mu na gida ba mu lura ba, sai ranar da na ga yana laluben turnabis ɗin kwance kusoshi alhali ga shi nan gabanshi. Yayyena maza suna lakwal a Maradi, kuma ko suna gida ba ruwansu da rumfa. Wata safiya ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarshi gare ni. Ya ce, "Uwata, zo ki gaya mani inda allurar mitar nan ta tsaya." Na gaya mashi. Ya ce, "To riƙe ƙarfen nan, ki taɓa inda yatsana yake." Daga ranar aka ƙara zana ɗaya a tsakiyar rumfa. Shi yana gaba yana karɓar kaya yana tambayar masu su, ni ina baya da ƙarfe da dalma. Kai nashi, ido da hannu nawa. Ya koya mani in shinshina akwati kafin in taɓa komi, don abin da ya ƙone ba ya ɓoye warinshi. Ya koya mani in ɗora bayan yatsa in ji inda zafi ya fi yawa. In na yi gaggawar cire wani abu sai ya buge mani hannu ya ce, "Kin kama shi da laifi? In ba ki kama shi ba, mayar da shi." Kuma kullum yana cewa in tambayi mai kaya yaushe abin ya fara, me aka yi a gidan ranar. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar shekarun nan na bayan zana ba. Ba wanda ya san ina wurin, ban kuma damu ba.

Da ruwan fari na wata damina muryar Baba Majo ta ɓace. Kwana huɗu Baba na kiran Attantane ba amsa, sai ga amfilin an aiko cikin motar kasuwa, naɗe da bargo. Tun kafin in kwance kusoshi na ji ƙauri. Manyan taransisto biyu da ke manne jikin ƙarfen sanyaya su sun ƙone ƙurmus. Baba na da guda biyu da ya daɗe yana ɓoyo cikin gwangwanin madara, naɗe da auduga. Na sa su. Muka gwada yadda muka saba: maimakon anten sai mu jona ƙwan fitila, in an yi magana a mikoro ƙwan ya kama. Wuni guda muna gwaji, ƙwan na haske, akwati bai ko yi ɗumi ba. Aka mayar. Majo ya yi magana kwana shida, aka yi ruwa, ya sake ɓacewa. Aka sake kawowa, su dai biyun nan ne suka ƙone. Wannan karon sai da Baba ya aika har Maradi aka yi sati ana nema kafin a samo wasu. Na bi akwatin nan lungu-lungu, na auna duk abin da ake aunawa, ban samu komi ba. Baba ya ba mai motar saƙo, a ce wa Majo a duba wayar anten kafin a kunna. Ko saƙon ya isa, ko bai isa ba, Allah masani.

Karo na uku, bayan an sake ruwa, ɗan Majo ne ya kawo shi da kanshi. Ma'aikacin ofis ne a Mayahi, mai farar riga da biro uku a aljihu, bisa sabon babur. Ranar kasuwa ce, rumfa cike da mutanen ƙauye masu jiran kayansu. Ko sallama bai yi ba. Ya dire amfilin kan tebur har mita ta faɗi ƙasa. Ya ce, "Tsoho, sau nawa za a kawo maka abu ɗaya? Kana cire masu kyau kana sa mana ruɓaɓɓu, ka ɗauka ba mu sani ba?" Baba ya ce, "Ɗana, zauna mu yi magana." Ya ce, "Ni ba ɗanka ba ne." Ya ɗaga yatsu gaban fuskar Baba ya ce, "Nawa ne nan? Faɗi, jama'a na ji." Bai ko jira amsa ba. Sai ya sa hannu ya fizge zanar tsakiya. Ga ni zaune, ƙarfen dalma a hannuna, rediyon wani bawan Allah a buɗe bisa cinyata. Ya yi dariya, ya juya ga mutane ya ce, "Ku ga mai gyaranku. Makaho na karɓa, ɗiya mace na ƙonawa." Wasu suka taya shi dariyar. Ba duka ba, amma na ji su, har yau zan iya nuna inda kowanensu yake zaune.

Kafin azahar rumfa ta zama kango. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suna sunkuyar da kai. "Malam, bari in tafi da shi, mai shi ya ce a maido." Har wanda na gama gyara mashi rediyo, yana ta waƙa a hannunshi, ya karɓa yana dubanshi kamar an shafa mashi cuta. Mutanen da shekara da shekaru Baba ke tayar masu da matattun akwatuna, ba ko ɗaya da ya buɗe baki ya ce, to ai nawa da aka gyara bara yana nan lafiya.

Ban yi kuka ba. Na zauna gaban amfilin nan ina kallonshi, raina na tafasa, ina bin tambayar da Baba ya koya mani. Da yamma na ce, "Baba, a nan wuni yake yana aiki ba ya ko ɗumi. Can ne yake ƙonewa. Kuma duk sau ukun bayan ruwa ne." Ya ce, "Na sani, Uwata." Na ce, "To laifin ba cikin akwatin yake ba, yana gidansu. Mu je." Ya ce tafiyar da nisa, ga damina, ga shi ba ya gani. Na ce ni ina gani. Sai ya ce in ɗauko mashi nashi amfilin. Na tambaye shi me za a yi da shi. Ya ce ba sauran taransisto ko a Maradi, in cire nashi biyun in sa a na Majo. Na ce, "Naka fa?" Ya ce, "Cire." Na cire ina cizon leɓe.

Motar kasuwa ta kai mu Mayahi, sau biyu muna sauka ana tura ta cikin yashi. Daga nan muka hau amalanken jaki. Gero ya kai gwiwa hagu da dama, ƙasa na ƙamshin ruwa, ni kuwa ba abin da nake gani sai fuskar mai farar riga. Amfilin na kan cinyata duk hanya, hannun Baba na kafaɗata. Muka isa Attantane da hantsi washegari. Baba Majo ya fito da gudu ba ko takalmi, ɗan guntun tsoho mai furfura, ya rungume Baba yana cewa, "Malam, da kanka? Wallahi ban aike shi ya yi maka haka ba, wallahi." Ɗan nashi ma yana gida, ya zo hutun ƙarshen sati. Ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu.

Aka kawo fura, ban sha ba. Na ce, "Baba Majo, a nan anten ɗin yake tun da?" Ya ce a'a, da yana jikin ɗakinshi, da rani ne yaron ya gina ɗaki a wurin, ya matsar da ƙarfen can bayan gida. Na ce, "Wayar ta kai?" Ya dubi ɗanshi. Ɗan ya ce, "Ta kai mana. Ke wa ya sa bakinki cikin maganar manya?" Na bi wayar da ido daga tagar Majo, ta hau bango, ta ɓace bisa rufin kwanon sabon ɗakin. Na ce a ba ni tsani. Matan gidan suka leƙo suna salati, budurwa za ta hau rufi gaban maza. Baba ya ce, "Ku ba ta." Na ɗaure zanena tamau na hau. Kwano ya ɗau zafi, bakinshi ya yanke ni a tafin hannu, ban ji ba sai daga baya. A tsakiyar rufin, cikin kwarin kwano inda ruwa ke bi, na samu laifin. Wayar anten mai kauri ce, tana da saƙar jan ƙarfe a ciki, ba a yi mata ƙari sai da irinta. Ɗan Majo kuwa da ta gaza sai ya yanke ta, ya ƙulla mata wayar fitila ta banza kamu biyu, ya naɗe da robar tayar keke. Na sa wuƙa na yanko wurin gaba ɗaya na sauko da shi.

Gaban Majo na warware robar. Ruwa ya tsiyayo bisa tabarma, baƙi, mai wari. Saƙar jan ƙarfen ta yi tsanwa, tana marmashewa a hannu. Na sa wa Baba a tafinshi ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya ajiye. Na ce, "Ga ɓarawon da ke cire masu kyau." Baba ya ce, "Uwata!" Ɗan Majo ya ce, "To me? Waya ai waya ce." Amma muryarshi ta sauka, kuma bai ƙara duban kowa ba. Majo kuwa ya kafa wa tabarma ido kamar an aiko mashi da rasuwa.

Sauran aikin bai ɗauke ni wani lokaci ba. Na sa aka maido da ƙarfen kusa, inda wayar asali za ta kai ba ƙari, na gyara bakinta, na like da dalma. Ina cikin wannan na ga Majo ya ja Baba gindin iccen bedi, yana magana ƙasa-ƙasa yana riƙe da hannunshi biyu. Iska ta kawo mani kaɗan. "Ka rufa mani asiri, Malam. Bikinshi bayan kaka ne, gidan manya ne a Mayahi. In maganar nan ta fita..." Na ji Baba ya ce, "Ba komi." Ban gane abin da aka sayar a gindin bedin nan ba sai da la'asar ta yi.

Aka jona batir, aka kunna. Majo ya kira Maijirgi. Nan take Darekta ya amsa, muryarshi tar kamar yana cikin ɗakin. Ya ce, "Attantane, yau kam kamar a kunnena kake. Me ya same ka ne haka? Mun ji maganganu marasa daɗi." Ina tsaye bakin ƙofa, na naɗe hannuna da gefen mayafi, jini na ɓullowa. Na jira. Majo ya yi gyaran murya ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗan abu ne a waya, yaron nan nawa ya gano shi." Darekta ya ce madalla, Allah ya yi wa yaro albarka, ilimi ke nan. Baba na zaune kusa da mikoro, in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Bai miƙa ba.

A amalanke, da muka bar gari, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa ubana murya. Na ce, "Gaban kasuwa guda aka ce maka ɓarawo. Ka zo, ka ba shi na cikin akwatinka, an gano gaskiya, kuma ka zauna ana yi wa wancan addu'a?" Mai jaki ya sunkuyar da kai kamar ba ya ji. Baba ya ce, "Ranar da za a haife ki, uwarki ta kwana uku tana naƙuda. Kowa ya cire rai. Majo bai je gida ba, bai runtsa ba, sai da ya fito da ku biyu da rai." Na ce, "Ashe saboda ni za mu zauna da sunan ɓarayi." Ya ce, "Ban yarda ki faɗa wa kowa ba. Ko uwarki." Na ce, "Ko da rumfa za ta mutu?" Ya ce, "Ko da." Haka muka yi ta tafiya har Mayahi. Hannunshi na kafaɗata, ni kuwa ji nake kamar in ture shi. Allah ya yafe mani, amma haka na ji.

Rumfa kuwa ta mutu. Labarin makaho da ɗiya mace ya riga mu zagaye ƙauyuka, labarin wayar fitila yana binne cikin cikina. Darekta, da rediyonshi ya samu matsala, Maradi ya aika da shi. Nakan fito da safe in hura gawayi don sabo, ya cinye ya zama toka ba a gasa komi ba. Baba na zaune yana jujjuya turnabis, in ya ji takun jaki ya ɗaga kai, jakin ya wuce. Sai da Innarmu ta koma sayar da ƙosai a ƙofar gida, a daidai inda mutane ke layi da rediyonsu. Abin da ya fi ci mani rai shi ne la'asar. Ba amfili, muryar Baba ta zama ƴar siririya, wata rana ta isa, wata rana iska ta cinye ta. Amma bai fasa ba ko sau ɗaya. "Attantane, Attantane." Sai in ji Majo, da ƙarfinshi, da taransiston ubana a cikin akwatinshi, yana cewa, "Malam, ɗaga murya, ba na jin ka sosai." Baba ya ɗaga, har jijiyar wuyanshi ta fito. Nakan bar gidan in tafi rijiya ko da randuna cike suke.

Na yi aure, na haihu, hannuna ya manta nauyin ƙarfen dalma. Na riƙe alkawarin da aka ɗora mani, ban faɗa wa kowa ba. Yau da nake faɗi duk waɗanda abin zai kunyata sun riga mu gidan gaskiya, har mai farar rigar, wanda ya yi girma ya yi suna, aka cika makabarta ranar jana'izarshi.

Da Baba ya rasu, ranar uku, Majo ya zo. Ya tsufa ƙwarai, sai da aka riƙo shi aka sauko da shi daga mota. Ina cikin gida tare da mata, jikin katangar da ta raba mu da zaman maza. Bayan an shafa fatiha sai na ji muryarshi, yana cewa jama'a su saurara, yana da magana. Ya faɗi duka. Ya faɗi wayar fitila, ya faɗi robar keke, ya ce Malam bai taɓa cin amanar kowa ba, ɗiyarshi ce ta hau rufi ta gano, shi kuma ya yi ƙarya a rediyo don ya kare ɗanshi. Na dafa katanga. Wani ya ce, "Allahu akbar, Allah ya ji ƙan Malam." Wani daga gefe ya tambayi na kusa da shi, "Wane amfili?" Aka ce mashi wani abin da ne. Sai wasu baƙi suka yi sallama, aka matsa masu wuri, aka sake ɗaga hannu. Shi ke nan. Waɗanda suka yi dariya a rumfa rabi sun mutu, sauran ba su ma tuna sun yi ba.

Daga baya ya ce a kira ni. Na same shi a zaure, zaune a ƙasa, hawaye na bin furfurar gemunshi. Ya ce, "Ɗiyata, kin ji?" Na ce, "Na ji, Baba Majo." Ya ce, "Na sauke nauyin, ko?" Na ce, "Da ka faɗa yana da kunnen ji." Ya ce kullum yana niyya, kullum in ya riƙe mikoro sai bakinshi ya yi nauyi. Na ce, "Shekara nawa kana ce mashi ya ɗaga murya?" Ya miƙo hannayen nan biyu, waɗanda aka ce su suka fito da ni duniya, ya ce, "Ki yafe mani don Allah."

Gwaggona na tsaye bayana, matan unguwa sun cika bakin zaure suna kallo. Tsoho ne, baƙo ne, gidan makoki ne, ya kuma haɗa ni da Allah. Na ce, "Na yafe." Ya yi ta sa mani albarka har aka ɗaga shi aka kai shi mota. Bai ga wata daminar ba.

Na faɗa da bakina, mutane sun shaida. Amma yau shekaru nawa, in na yi sallah na zo kan masu haƙƙi a kaina da waɗanda nake da haƙƙi a kansu, in na iso kan Baba Majo sai in tsaya. Har yanzu ban san ko gaskiya na gaya mashi ba.